Ranar Da Aka Gyara Hajiya Babba

Duk wanda ya saba shiga rukunin gidajen nan na bayan shagunan Al Aziziya a birnin Doha ya san Gado, ko da bai san sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai faɗin ƙirji da tabon ƙuna a yatsu, wanda ke zaune a ɗakin gilashi a bakin ƙofa yana ɗaga wa motoci sanda. Ɗakin taku biyu ne ta kowace fuska, shi kansa Gado akurki yake kiransa. Shida na safe bas ɗin kamfanin gadi ke sauke shi, shida na yamma ta kwashe shi, tsakanin nan kuwa ko bayan gida zai je sai ya nemi izini ta rediyo, kuma minti biyar ake ba shi.

Kayan aikin da aka damƙa masa uku ne: usur, tocila da rediyon oba-oba. Ranar da aka miƙa masa su ya juya usur ɗin a tafin hannunsa, ya tambaya cikin ladabi ko sauran suna zuwa daga baya. Aka ce babu saura. Mutumin da ya ƙera wa gari guda kayan yaƙi, ga shi an sallame shi da abin busar alƙalin wasan ƙwallo.

Wayarsa kuma tana cikin durowa a kife. Dokar kamfani ce ba a taɓa waya a bakin aiki, ga kyamara a saman kansa ba ta ƙiftawa. An riga an ba shi takardar gargaɗi har biyu, ta uku kuwa babu wani dogon bayani, sai tattara komatsai a nufi filin jirgi. Duka biyun a kan mutum ɗaya ya same su, ƙanensa Auta, wanda ke tsaye a cikin rami a can gida, a gurbin da Gado ya bari.

A Tungar Ɗanbaba aka haifi Gado, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu aka kai shi koyon walda a garin da ke gaba da su. Ya so shiga soja. Sau biyu yana zuwa, sau biyu ana tsayar da shi a jikin sandar awo ana ce masa ya koma ya ƙara tsawo, abin da har yau bai yafe ba. Ya dawo gida ya kafa rumfa a bakin kasuwa, yana gyaran garma da ƙofar langa-langa da ƙafar baro. Da an bar shi, a nan zai tsufa, kuma da babu wanda zai ba da labarinsa.

Sai ɓarayin daji suka fara zuwa. Zuwan farko suka kora shanu, na biyu suka tafi da mutane. Bayan na uku dattawa suka zauna suka yanke cewa a haƙa rami a kewaye gari, mai zurfin da babur ba zai tsallake ba, a tara ƙasar ta ciki ta zama tudu, a bar ƙofa ɗaya tak. Suka kuma kafa doka: kowane gida ya ba da namiji ɗaya mai tsaron rami, ba a karɓar uzuri, ba a karɓar ɗan haya. A gidan mahaifiyarsu, Inna Atine, maza biyu ne, Gado da Auta. Auta tela ne, mutum mai sanyin hali wanda ko kaza za a yanka sai ya tuna yana da aiki a shago. Ba a ma yi shawara ba, Gado ya shiga rami.

Ramin na da mutum sittin da 'yan kai, bindigogi kuwa bakwai ne, duk irin na mafarauta, biyu daga ciki sai sun ga dama suke tashi. Sauran jama'a kowa da abin da Allah ya hore masa: gora, adda, lauje, har da wani da ya zo da taɓaryar matarsa. Gado ya dubi wannan runduna ya ga in ba a yi dabara ba, kunya za a sha kafin a sha wuya. Ya kwaso kayan rumfarsa ya dawo da su bakin rami.

Wannan ɓangaren na rayuwarsa shi ne wanda Hausawan Doha suka fi sani, don Gado ya iya ba da shi. Babban mai sauraronsa Likita Abdulganiyu ne, ɗan Zariya, wanda ke zaune a gida na tara a cikin rukunin. In ya dawo daga asibiti yakan tsayar da mota a gindin sanda, ya sauke gilashi, ya ce, “Injiniya, ba ni ɗaya kafin in shiga.” Gado kuwa sai ya leƙo da kai ta ɗan tagar akurkinsa ya ba shi.

Akwai Gaisuwar Suruki. Gwafa ce mai tsayin mutum da aka kafa a tudu, aka ɗaure mata robar cikin tayar tirela, mutum uku ke ja. Ƙunshin toka da dakakken barkono take jefawa. Ranar da aka gwada ta a gaban dagaci, iska ta juya. Gado ya ce tun da aka kafa garin ba a taɓa yin atishawa irin ta ranar ba, liman ya so ya yi addu'ar buɗe makami, har aka watse bai wuce kalmar farko ba.

Akwai Tulun Rina, wanda sunansa ya gama bayaninsa. Wani mai zuma ne ya kawo shawarar, ya yi rantsuwa cewa in aka jefa tulun ya fashe a gaban maƙiyi, magana ta ƙare. Abin da bai faɗa ba shi ne rina ba ta san ɗan gari ba. Kwana uku mutanen rami suna gadi da kumburarrun idanu, kowa na tambayar na kusa da shi ko ya ga wani abu.

Sai Kofur Shiru da yaransa, mutum-mutumi goma sha biyu da aka cusa wa ciyawa, aka sa musu huluna da tsoffin riguna, aka jera kawunansu a bakin tudu don a ga kamar rami ya cika. Auta ne ya ɗinka su. Har wata tsohuwa mai kawo koko ta yi mako guda tana gaida Kofur, daga baya ta kai ƙara wajen dagaci cewa akwai wani mara tarbiyya a ƙofar gabas.

Likita yakan yi dariya har ya bugi sitiyari. Wata rana ya ce ya taɓa karantawa cewa ko Turawa, a babban yaƙinsu na ramuka, sun yi ta buga ƙusa a kulki suna cika gwangwanaye da albarushi suna jifa da gwafa. Gado ya ji daɗin wannan magana ƙwarai, ya ce, “Ashe mu ma muna cikin littafi, Likita, suna ne kawai ba a sa ba.” Abin da Likita bai lura ba shi ne Gado bai taɓa ba da labarin ramin nan ba sai ta hanyar dariya. Mutum tara suka binne a shekara biyu, kuma ba ya ambatar ko ɗaya. In ya kai bakin wurin sai ya kauce ya ɗauko rina.

Uwar makaman duka ita ce Hajiya Babba. Wani tsohon babur ne da mai shi ya gaji da shi ya jefar a bayan rumfar Gado, don ba ya tafiya taku goma sai ya yi wata irin ƙara da ke sa awaki tsallake danga. Duk bakaniken da ya taɓa shi ya ce injin nan ya gama yayi. Gado ya zauna ya saurare shi kwana biyu, ya ga abin da kowa ke kira ciwo shi ne dukiyar. Ya cire salansa, ya ɗaure babur ɗin a kan turaku, ya zura bakin hayaƙinsa cikin durom biyu da ya haɗa da walda, ya liƙa wani dogon bututun rijiya a sama ya shafe shi da baƙin fenti ya leƙar da shi ta kan tudu. In aka buga kik aka murɗa totur aka saki, sai ka ji wata tsawa ta biyo wata, ƙasa na rawa a ƙarƙashin ƙafa. Ko tsakuwa ba ta jefawa. Amma ranar da ɓarayi suka fara jin muryarta daga bakin fadama, suka juya babura, kuma labari ya bazu har kasuwannin nesa cewa mutanen Tungar Ɗanbaba sun sayo igwa. Tun daga ranar, kowace Alhamis ta kasuwa da duk lokacin da aka ga ƙura daga yamma, sai a sa Hajiya ta yi magana, kowa ya ji tana nan.

To amma Hajiya tana shan mai, gari kuma ba a noma sai gonakin da ke kusa da rami. Rumfar walda ta mutu, don wanda bai ci ba ba ya gyaran ƙofa. Ana cikin haka wani ɗan ƙanen Inna Atine da ke tuƙi a Doha ya samo wa gidan gurbin aikin gadi guda ɗaya. Gado ya ce Auta ya tafi. Aka kai takardu, aka gwada lafiya, aka ce ƙirjin Auta ba shi da kyau. Inna Atine ta zaunar da su biyu a ɗakinta, ta ce, “Gado, kai za ka tafi. Auta, kai za ka shiga rami.” Auta ya ce to. Ya dubi hannayensa. Gado ya kwana uku yana koya masa yadda ake bi da Hajiya, ya kuma ja masa kunne da magana ɗaya: kada kowa ya taɓa cikinta. Bai tsaya bayyana dalili ba, don a ganinsa abin a fili yake.

Shekara biyu da wata huɗu ke nan. Abin da Gado ke aikawa shi ne tuwon gidansu, shi ne kuma man Hajiya. Sau biyu yana cewa zai dawo ya karɓi gurbinsa, sau biyu Inna Atine tana aiko masa da amsa iri ɗaya: “In ka dawo, wa zai ba ta mai? Zauna inda kake.” Sai ya zauna. Yana cikin sanyin na'ura, rigarsa a goge, babu abin da ke barazana gare shi sai barci, amma kunya da tsoro ba su taɓa barinsa ya ji daɗin sanyin ba. Abokan ɗakinsa in Juma'a ta yi sukan tafi kasuwar Abu Hamour sayen kayan miya da ganin mutane, shi kuwa yakan zauna da waya a hannu, ko Allah zai sa a kira.

Kiran ma da lokacinsa. Tun da aka daina kai man inji ga turken sadarwar da ke garin gaba, da hasken rana kawai yake aiki, daga hantsi zuwa kafin azahar, kuma a duk Tungar Ɗanbaba wuri ɗaya yake kamawa, kan tudun ƙofar gabas, kusa da Hajiya. Hantsin gida shi ne tsakar ranar Doha. Wato duk lokacin da Auta zai iya magana, Gado yana cikin akurki a ƙarƙashin kyamara.

Ranar wata Litinin, da ya hau bas da yamma, ya tarar da saƙon murya. Auta ne, yana magana ƙasa-ƙasa. “Yaya, Hajiya ta daina magana. Tana tashi, amma ba ta tsawa. Kuma an aiko da saƙo ta bakin wani mai itace, wai ranar Alhamis suna nan zuwa cin kasuwa, su ga igwar da ake faɗa.”

Gado ya saurara sau shida kafin a kai masauki. Ya aika tambayoyi, ya san ba za a gan su ba sai gobe. Ciwon inji kuwa ba a gane shi da baki, sai an ji shi da kunne.

Talata da rana ya nemi izinin bayan gida, ya soke waya a cikin safa. Allah ya taimake shi kira ya shiga. Ya ce, “Auta, bar gaisuwa, tashe ta in ji.” Aka buga kik. Gado ya kasa kunne. Injin na tafiya sumul, lafiya lau, da wata murya mai daɗi irin ta sabon keken ɗinki.

“Wa ya taɓa ta?”

Auta ya ce, “Yaya, alheri aka yi mana. Wani babban bakanike ne ya zo daga birni ganin mahaifiyarsa, ya ji tana tari, ya ce haram ne a bar inji a wannan hali. Yini guda ya yi a kanta. Ya wanke kafireta, ya sa sabon fulogi, ya daidaita komai. Ko sisi bai karɓa ba, ya ce gudummawarsa ce. Har dagaci ya sa masa albarka.”

Gado ya dafe bangon bayan gida. Shekara huɗu gari na kwana a bayan ciwon injin nan, an sami mai tausayi ya warkar da shi. Ya buɗe baki zai fara bayani, rediyon da ke kafaɗarsa ya yi kururuwa, mota uku na jira a ƙofa. Ya ce, “Kada ku yi komai, gobe,” ya fita da gudu.

Da yamma ya sami Rashad, mai duba masu gadi na shiyyar, mutum mai son ƙa'ida wanda ba mugu ba ne, ba kuma mai sauraro ba. Gado ya roƙi a ba shi wanda zai canje shi na awa ɗaya gobe da rana. Ya haɗa Turancinsa da Larabcinsa duka, ya ce matsala ce ta gida. Rashad ya ce kowa da matsalar gida, mai canji babu, in yana son hutu ya cike takarda, za a duba nan da mako biyu. “Khalas, Gado, magana ta ƙare. Yalla, bas na jira.”

Ya yi dogon saƙon murya a cikin bas, ya lissafa duk abin da za a mayar yadda yake. Amma ya san aikin banza ne. Ɓata inji daidai gwargwado ya fi gyara shi wuya: in an yi kaɗan ba zai yi tsawa ba, in an zarce ba zai tashi ba sam. Ranar Laraba ya sake neman bayan gida, ya tsaya minti biyar cur yana kallon waya. A can gida hadari ya rufe rana, turke bai farka ba.

Alhamis ta zo. Tun safe Gado ke ɗaga sanda yana saukewa ba tare da ya san wa ya shiga wa ya fita ba. Ya yi niyyar neman bayan gida da sha biyu daidai. Sha biyu saura minti goma sai ga farar motar Rashad ta tsaya a gefen akurki, ya fito da kofin shayi a hannu da allon takardunsa, ya zo duba na mako. Ya duba tocila, ya duba takalmi, ya ce a busa usur ya ji. Gado ya busa. A daidai nan durowa ta fara kaɗawa.

Su biyun suka dubi durowar. Rashad ya ɗaga gira, ya ce, “Gado, biyu gare ka.”

Gado ya sani. Ya san ta uku tana nufin babu tuwo a gidan Inna Atine, babu man Hajiya, babu komai. Ya kuma san in wayar nan ta gama kaɗawa ta yi shiru, Auta zai tsaya a bayan durom biyu da bututun rijiya da Kofur Shiru, yana jiran mutanen da suka zo da bindigogin gaske. Ya ja durowa, ya ɗauka, ya buɗe lasifika ya ajiye a kan teburi.

“Yaya! An ga ƙura ta bakin fadama.”

“Tsohon fulogin nan mai tsaga, yana ina?”

“Bakaniken ya jefar.”

“A nemo shi.”

Aka ji hayaniya, ana kiran sunaye. Rashad ya fara magana da ƙarfi, Gado ya ɗaga masa tafin hannu ba tare da ya dube shi ba, abin da bai taɓa yi wa wani babba ba tun da aka haife shi. Rashad ya zaro takarda daga allonsa ya fara rubutu.

Aka samo fulogin a wuyan akuyar liman, an rataya mata shi a matsayin ƙararrawa. Ko a wannan hali sai da wani ya yi dariya a cikin ramin. Gado ya sa aka mayar da shi. Ya ce Auta ya nemi ɗan sukurun nan na gefen kafireta, ya juya shi hagu.

“Nawa, Yaya?”

“Kamar kana sassauta zaren keken ɗinki. Kaɗan. Tashe ta.”

Injin ya tashi, ya yi ɗan tari, ya koma sumul. Gado ya rufe ido, ya kwantar da kunnensa a kan wayar. Gilashin akurki da titin Al Aziziya da Rashad duk suka ɓace masa, yana jin warin mai da ƙasar rami.

“Ƙara. Tsaya! Ka zarce, mayar rabi. Cusa tsumma a bakin iska, kada ka toshe duka. Yanzu murɗa totur har ƙarshe, ka riƙe. Riƙe, Auta. Saki!”

Hajiya Babba ta yi magana.

Ko ta cikin 'yar lasifikar waya, sai da gilashin akurki ya amsa. Rashad ya watsar da shayi ya durƙusa a bayan ƙofa, allonsa a kan kai. Tsawa ta biyu ta biyo, ta uku, ta huɗu, kowace da 'yar shaƙewar nan a ƙarshenta wadda Gado zai gane ko a cikin barci. Ramin ya kaure da kabbara. Auta na ihu yana dariya, muryarsa na tsinkewa saboda ƙirji: “Ta dawo, Yaya! Wallahi ta dawo! Ta fi da ma!”

Gado ya ji hawaye na bin kumatunsa, yana dariya shi ma. Ya buɗe baki zai ce a bar ta ta huta kada ta yi zafi.

Sai ya ji wata ƙara a ƙarƙashin ta Hajiya. Siririya ce, busasshiya, mai sauri, tana zuwa uku-uku. Duk abin da ke ƙara a ramin nan Gado ne ya ƙera shi ko ya gyara shi, ya san muryar kowanne, har bindigogin mafarauta bakwai. Wannan ba tasu ba ce. Kuma ba daga fadama take ba, ta fi haka kusa.

“Auta, sauka daga tudu. Auta! Sauka ka shiga rami!”

Ya ji Hajiya ta sake tsawa sau ɗaya. Ya ji wani ya ce, “Ta kudu! Ta kudu suke!” Daga nan wayar ta yi ɗif. Ya kira, ba ta shiga. Ya sake kira. Agogon bango ya nuna sha biyu da kwata, da sauran fiye da awa guda kafin lokacin da turke ya saba ɗaukewa.

Rashad ya miƙe yana kakkaɓe wando. Takardar gargaɗin tana hannunsa, an cike ta, saura sa hannu. Gado ya dube ta, kuma abin da ya ji a ransa ya ba shi tsoro, don daɗi ya ji. A ba shi ita. A kai shi filin jirgi yau ɗin nan, gobe war haka yana kan hanyar gida, ya ga abin da ya faru da idonsa, ya karɓi gurbinsa, Inna ta yi faɗanta ta gama. Ya miƙa hannu da kansa.

Rashad ba ya jin Hausa, amma ya ji ƙarar, ya kuma ga fuskar Gado. Ya tambaya a hankali, “Ɗan'uwanka?” Gado ya gyaɗa kai. Rashad ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ninke ta biyu, ya ninke huɗu, ya yaga, ya zuba a aljihu. Ya dafa kafaɗar Gado, ya ce shi bai ga komai ba, maganar kyamara kuma ya bar masa. “Mafi mushkila,” ya ce da Larabci, wato babu matsala. “Aikinka na nan. Zauna.” Ya ɗauki wayar da hannunsa ya mayar cikin durowa, ya rufe, ya shiga motarsa ya tafi, yana jin ya yi abin kirki. Kuma ya yi ɗin.

Gado ya zauna. Sauran awa biyar da minti arba'in bas ta zo, bayan ta kuma sai gobe da hantsin gida, in rana ta fito, in turke na tsaye, in akwai wanda zai hau tudu. Na'urar sanyi na ta hurawa a bayan wuyansa.

Aka yi ham a ƙofa. Likita Abdulganiyu ne ya dawo daga asibiti, ya sauke gilashi, fuskarsa a sake.

“Injiniya! Ba ni ɗaya kafin in shiga. Ina labarin Hajiya Babba?”

Gado ya leƙo da kai ta taga. Ya nemi rina, ya nemi barkono, ya nemi Kofur Shiru, bai sami ko ɗaya a bakinsa ba.

“Tana nan, Likita,” ya ce. “Yau ma ta yi magana.”

Ya danna maɓalli, sanda ta ɗaga, mota ta wuce.